Rigar Bango: Ribarta Da Darasin Da Ruwan Sama Ya Koya Wa Masu Gidaje A Amurka

A ƙasashen da hunturu ke da tsanani, kuɗin ɗumama gida yana daga cikin manyan ɗawainiyoyin da ke cinye albashin magidanci, kamar yadda kuɗin sanyaya ɗaki yake a ƙasashe masu zafi. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa gine-gine ne ke laƙume kimanin kashi 40 cikin ɗari na makamashin da ƙasashen ƙungiyar ke amfani da shi, kuma kaso mai tsoka daga ciki yana sulalewa ne ta bango da rufi da tagogi. Wannan asara ce ta haifar da wata babbar sana'a a harkar gini, wato sana'ar yi wa gida riga daga waje domin hana zafi ko sanyi ratsa bangonsa.

Amurkawa na kiran wannan tsari EIFS, a Turai ana ce masa ETICS, su kuwa Jamusawa WDVS, amma duk abu guda ne. Ana samun allunan farar kumfar roba, irin wadda ake tararwa a cikin kwalin sabon talabijin ko firiji, a manna su a bayan bango. Daga nan a shafa musu yaɓen siminti da aka gauraya da danƙon roba, a nutsa wata raga ta zaren gilashi a cikinsa tun yana ɗanye. Idan ya bushe sai a bi shi da yaɓen ado mai launi. Kaurin yaɓen biyu tare da ragar bai wuce 'yan milimitoci ba, amma wanda ya hango gidan daga titi zai rantse filastar siminti ce.

Ƙarfin tsarin yana cikin kumfar ne, domin kusan dukkanta iska ce da aka kulle a cikin ƙananan ƙwayoyi, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi. Allo mai kaurin santimita 10 yana tare zafin da sai kankare mai kaurin mita huɗu ko fiye zai iya tarewa. Bugu da ƙari, tun da daga waje ake sanya shi, yana lulluɓe ginshiƙai da bakin dakali da kusurwoyi, wuraren da zafi ya fi samun hanya, kuma ba ya rage faɗin ɗaki ko kaɗan. Mazauna gida ma ba sai sun tashi ba kafin a yi aikin.

Asalin abin daga Jamus ta Yamma ne. A farkon shekarun 1950 kamfanin BASF ya fito da kumfar a kasuwa da sunan Styropor, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru magina sun fara manna ta a bangayen bulo. Da farko kasuwar ba ta yi armashi ba saboda man fetur yana da araha. Sai a 1973, lokacin da takunkumin man ƙasashen Larabawa ya ɗaga farashin ganga daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, masu gidaje suka fara lissafin abin da ke fita ta bango. A 1977 gwamnatin Jamus ta Yamma ta kafa dokarta ta farko da ta ƙayyade yawan zafin da sabon gini zai iya zubarwa, kuma tun daga nan ake ta tsaurara ta. Allunan da a da ba su wuce santimita 5 ba, yanzu sukan kai 15 zuwa 20 a sababbin gidaje.

Tsarin ya shiga Amurka a 1969 ta hannun kamfanin Dryvit na jihar Rhode Island. Shekaru da dama otal-otal da kantuna da ofisoshi ne ke amfani da shi. A shekarun 1980 ne 'yan kwangilar gidajen kwana suka rungume shi, musamman a jihohin kudu maso gabas, domin ba shi da nauyi, yana da saurin aiki, sannan ana iya sassaƙa kumfar a fitar da ginshiƙai da baka da kwalliyar taga waɗanda da dutse za a yi su da sun ci maƙudan kuɗi. Gida mai matsakaicin farashi sai ya fito da kamannin fada, masu saye kuma suka yi ta rububi.

A shekarar 1995 ne asiri ya tonu a birnin Wilmington da ke gaɓar tekun jihar Karolina ta Arewa, inda ruwan sama yakan kai kusan milimita 1,500 a shekara, sau da yawa tare da iska mai ƙarfi. Masu gidajen da ba su wuce 'yan shekaru da ginawa ba suka fara kai kuka ga jami'an duba gine-gine na gundumar New Hanover. Da aka ɓamɓare rigar a wasu gidaje sai aka tarar katakon da ke ƙarƙashin tagogi ya ruɓe, har hannu yana iya marmasa shi, alhali daga waje bangon na nan sumul. Binciken da masu zanen gine-gine na yankin suka gudanar a kan gidaje kimanin 200 ya gano danshin da ya wuce ƙima a sama da kashi 90 cikin ɗari daga cikinsu.

Tambayar da ta taso ita ce, me ya sa abin da ya yi shekaru yana aiki lafiya a Jamus ya zama annoba a Karolina? Amsar tana cikin abin da ke bayan rigar. Gidan Bajamushe na bulo ne ko kankare, waɗanda kan sha ɗan ruwan da ya ɓata hanya su riƙe shi, daga baya su sake shi sannu a hankali ba tare da sun lalace ba. Gidan Ba'amurke kuwa da katako ake tayar da shi, a rufe shi da falanki, kuma a kan wannan falanki aka riƙa manna kumfar kai tsaye. An gina tsarin a kan zaton cewa ko ɗigo ɗaya ba zai wuce yaɓen waje ba, don haka ba a bar wa ruwa hanyar fita ba. Shi yaɓen kansa bai cika yoyo ba. Ruwan ya riƙa shiga ne ta gefen taga, da mahaɗar rufi da bango, da inda aka kafa baranda, da ramukan famfo da wayar lantarki. Da zarar ya shiga, rigar da aka yi don ta hana shi shiga ita ce ke hana shi fita. Katako yakan zauna lafiya muddin danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, amma idan ya doshi kashi 30 ya kuma daɗe a haka, ruɓa ta samu wurin zama, gara kuma ta biyo baya ta cikin kumfar inda ido ba ya ganinta. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sai dai a nan tsagar ba ta fi kaurin farce ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙanƙantar kuɗin da aka yi ƙoƙarin tsimi idan aka kwatanta da girman ɓarnar. A gidaje da yawa abin da aka tsallake bai wuce ɗan lanƙwasasshen kwano ba, mai aikin indararo, wanda ake sanyawa a inda gefen rufi ya ci karo da bango domin ya karkatar da ruwa zuwa magudana. Kuɗinsa 'yan daloli ne, rashinsa kuwa ya jawo gyaran dubban daloli. Dalilin da ya sa aka riƙa tsallake shi a bayyane yake. Ɗan kwangila yana gini ne ya sayar ya wuce, aikin kuma ya rarrabu tsakanin kafinta da mai rufi da mai sanya taga da mai yaɓe, kowa na ganin toshe mahaɗar alhakin wani ne. Wanda zai ɗauki asarar, wato mai gida, ba ya wurin a ranar da ake rufe aibin, kuma ba zai gan shi ba sai bayan shekaru.

Sakamakon ya bi ta kotuna da kasuwa. Dubban masu gidaje sun shigar da ƙararraki na haɗin gwiwa a kan kamfanonin da ke sarrafa kayan da kuma 'yan kwangila, kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi: masu kaya na cewa aikin ne bai yi kyau ba, magina na cewa tsarin ne ba ya yafe kuskure. A 2002 kamfanin Dryvit ya amince da sasantawa a wata babbar ƙara da aka shigar a jihar Tenesi a madadin masu gidaje na jihohi da dama. Kamfanonin inshora da yawa sun cire aikin rigar bango daga cikin abin da suke lamunce wa 'yan kwangila, lamarin da ya kori magina da dama daga sana'ar. A Karolina ta Arewa kuma ya zama wajibi dillali ya shaida wa mai saye idan gida yana da irin wannan riga.

Daga nan ne har gidajen da ba su da wata matsala suka shiga cikin masifar. Tun da mai saye ba ya iya bambance lafiyayyen bango da ruɓaɓɓe da ido, sai ya riƙa taya kowanne da farashin ruɓaɓɓe, ko ya ƙi tayawa sam. Wannan shi ne yanayin da masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana tun a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci, inda rashin sanin ingancin kaya ke karya darajar mai kyau tare da maras kyau. Wasu masu gidaje sun ɓamɓare riga mai ƙoshin lafiya suka maye ta da bulo don kawai su sami mai saye. A gefe guda kuma wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta masu bincike da ke huda ƙananan ramuka a ƙarƙashin tagogi su zura na'urar auna danshi, su ba da takardar shaida kafin a ƙulla ciniki.

Ba Amurka kaɗai ta ɗanɗana ba. A Niyu Zilan, inda aka haɗa irin waɗannan bangaye marasa mafitar ruwa da katakon da ba a yi wa maganin ruɓa ba tun daga tsakiyar shekarun 1990, wani ƙiyasi da aka yi wa gwamnati a 2009 ya nuna cewa gyaran gidaje kimanin 42,000 zai ci dalar ƙasar biliyan 11.3. A lardin British Columbia na Kanada ma sai da aka kafa hukumar bincike a 1998 a kan gidajen bene masu yoyo.

Gyaran da masana'antar ta yi shi ne ta amince cewa ruwa zai shiga ko ta halin ƙaƙa, don haka a shirya masa hanya. A tsarin da ake bi yanzu, kafin a manna kumfa sai an shafe falankin gaba ɗaya da wani maganin hana ruwa, ko a lulluɓe shi da takarda ta musamman, a naɗe bakin kowace taga da ƙofa. Sannan a shafa gam da cokalin magini mai haƙora, layukan su miƙe daga sama zuwa ƙasa, ta yadda za a sami ƙananan kwaruruka a bayan allon da ruwa zai bi ya gangaro ya fita ta ƙasan bango. Tun daga bugun 2009, manyan kundayen ƙa'idojin gini da yawancin jihohin Amurka ke bi sun wajabta wannan tsari a gidajen kwana na katako, tare da sharaɗin cewa a gwaji ya fitar da aƙalla kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ya shiga.

Sauran ƙa'idojin aikin ƙanana ne a ido, amma kowace tana da asarar da take karewa. Ana jera allunan kamar yadda birkila ke jera bulo, kada mahaɗa ta hau kan mahaɗa, kuma kada mahaɗa ta faɗo daidai kusurwar taga, domin daga nan tsaga ke farawa. Idan an sami giɓi tsakanin alluna, da yankin kumfa ake cike shi, tun da siminti zai zama gadar da zafi zai bi. A bangon bulo, kamar yadda ake yi a Turai, gam ya kama aƙalla kashi 40 cikin ɗari na bayan allo, a kuma ƙara da ƙusoshin roba masu faɗin kai. Bayan haka a goge fuskar allunan ta daidaita, musamman idan sun kwana biyu a rana har sun soma yin rawaya, don yaɓe ba ya kama wannan gari.

Raga ita ce ƙashin bayan yaɓen. Dole ta nutse a ciki har launinta ya ɓace, bakin kowace ya hau kan na 'yar'uwarta da santimita 6 zuwa 10, a kuma ƙara guntaye a karkace a kusurwoyin tagogi da ƙofofi. A ƙasan bango, inda ƙwallon yara da keke da injin yankan ciyawa ke kai wa, akan sa raga mai kauri. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Selshiyos, ko ana ruwa, ko rana na dukan bangon kai tsaye. Yaɓen ado kuwa a kan yi shi ne a tashi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, domin duk inda aka tsaya aka ci gaba tabo zai fito. Launi mai duhu ƙwarai ba a so, saboda yana tara zafin da kan iya nakasa kumfar idan ya haura digiri 70. A gefen taga da ƙofa ana barin ɗan rata kamar santimita ɗaya a cike shi da danƙo mai miƙewa. A ƙasa kuma rigar ta tsaya aƙalla santimita 15 kafin ta taɓa turɓaya, don a iya ganin hanyar gara idan ta taso.

Kula da rigar bayan an gama ba ta da tsada, sai dai ba ta son mantuwa. Abin da ya fi saurin tsufa a duk tsarin shi ne danƙon mahaɗa, wanda rana ke busarwa har ya tsage ko ya saki tun yaɓen na da sauran ƙarfinsa. Saboda haka ake ba masu gidaje shawara su zagaya gidan aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowace guguwa, su duba gefen tagogi da inda bututu ya ratsa bango, su share magudanar rufi. Duk ramin da ƙanƙara ko tsuntsu ko tsani ya yi, a toshe shi nan take da kumfa da raga da yaɓe. Ba a rataya fitila ko kwanon tauraron ɗan Adam a jikin kumfa sai ƙusa ta kai ga bangon asali an kuma toshe gefenta. Wanki da ruwa mai sauƙin ƙarfi da sabulu ake yi, domin injin feshi mai ƙarfi na iya yaga yaɓen, fetur da tina kuwa narkar da kumfar suke yi. A Jamus ƙorafin da aka fi yi shi ne gansakuka a bangon da ba ya samun rana: tun da zafin ɗaki ba ya fitowa ya busar da shi, raɓa kan kwana a jikinsa. Wannan muni ne kawai, wanki da sabon fenti na maganinsa. Ƙa'idar Turai ta gwajin waɗannan kayayyaki ta ɗauki shekara 25 a matsayin mafi ƙarancin rayuwarsu, kuma a Jamus akwai gidajen da rigarsu ta haura shekara 40 tana aiki.

Akwai wasu kuɗaɗe guda biyu da ba a sa su a lissafin farko ba. Na ɗaya gobara ce, domin kumfar daga man fetur ake yin ta. A Janairun 2008 tartsatsin walda ya kunna wuta a kwalliyar kumfa ta saman otal ɗin Monte Carlo a Las Vegas. A Jamus dogayen benaye da suka wuce mita 22 ba a yarda a yi musu riga da abin da ke cin wuta ba, sai da audugar dutse, wadda ta fi tsada, kuma a matsakaitan benaye akan ratsa kumfar da ɗamarar audugar don tare harshen wuta. Na biyu shi ne zubar da tsohuwar kumfa. Sinadarin HBCD da aka daɗe ana zuba mata don rage kama wuta ya shiga jerin haramtattun sinadarai na yarjejeniyar Stockholm a 2013, kuma da Jamus ta sanya irin wannan shara cikin masu haɗari a 2016, kuɗin ƙona ta ya yi tashin gwauron zabo har sai da gwamnati ta sassauta dokar.

Ko jarin zai mayar da kansa, wannan ya danganta da farashin makamashi da kuma halin da bangon yake ciki tun farko. Lokacin da ya fi dacewa a yi aikin shi ne sa'ad da bango ke buƙatar sabuwar filasta dama, domin kuɗin dandamalin hawa da na leburori da na yaɓe za a biya su ko da riga ko babu, abin da zai ƙaru kumfa ce da gam. Haka nan santimita 10 na farko sun fi santimita 10 na biyu rage asara nesa ba kusa ba, saboda haka akwai inda ƙarin kauri ke daina biyan kuɗinsa. A gidajen haya matsalar ita ce mai gida ke kashe kuɗi, ɗan haya ke cin moriya. Dokar Jamus ta ba mai gida damar ɗora wani kaso na kuɗin aikin a kan haya kowace shekara, kaso 11 cikin ɗari a da, wanda aka rage zuwa 8 daga 2019 bayan ƙorafin cewa ana fakewa da gyara ana korar talakawa daga unguwanni.

A Nijeriya, ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta fi mayar da hankali ne a kan rufi da tagogi da fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki, kuma hakan ya dace da ƙasar da rana ke bi ta tsakiyar kai, inda zafi ya fi saukowa ta sama. Duk da haka, masu otal da ofisoshin da ke ƙona man dizal dare da rana don sanyaya ɗakuna suna iya samun kansu gaban masu tallan rigar bango. Bangon bulo ya fi na katako haƙuri da ruwa, amma damina mai iska da gara ba baƙi ba ne a nan.

Abin da shari'o'in Karolina suka tabbatar shi ne cewa darajar wannan jari tana hannun wanda ya riƙe cokalin yaɓe da wanda ya duba aikinsa kafin a rufe. Mai gidan da zai shiga harkar yana da haƙƙin ya nemi kayan duka su fito daga kamfani ɗaya don garanti ya tsaya, ya ga shaidar horon ma'aikata, ya sa a rubuta a takardar kwangila wanda ke da alhakin kowace mahaɗa, ya kuma kawo mai duba na kansa tun ana manna allunan farko. Tun ran gini ran zane, domin bayan yaɓen ado ya hau, aiki mai kyau da maras kyau kamanninsu ɗaya ne, kuma ruwan sama ne kaɗai zai bambance su.